Ƙaryar da na yi wa wata baiwar Allah don a ce ni ma namiji ne

Na daɗe ina rubuta wannan labarin ina gogewa, yau dai na ce ko me za a faɗa a kaina sai na sake shi. Ba zan ambaci makarantar ba, ba zan kira sunan kowa ba, wanda ya gane kansa to ya gane.

Ina da shekara 19 na shiga jami'a. Siriri ne ni kamar a hure ni in faɗi, ga ƙuraje sun cika min fuska, sannan ga babbar matsalar wato in'ina. In zan ce "biro" sai in maƙale a kan harafin farko ina ta fama, idona ya ƙanƙance, wuyana ya ɗaure, shi kuma wanda nake wa maganar ya gaji ya ƙarasa min ko ya kau da kai yana danne dariya. Tun ina ƙarami na gano in na yi shiru an fi ganin mutuncina, to sai na zama mai shiru, mutane suna cewa yaron nan akwai natsuwa, ba su san tsoro ne kawai ba.

Mu shida ne a ɗakinmu na hostal. Da an kashe fitila sai a buɗe majalisa, kuma shugaban majalisar shi ne wanda yake kwana a gadon da ke saman nawa. Wannan bawan Allah ya iya ba da labari, wallahi in yana magana kamar kana kallon abin da idonka, yau ya kwana da wance, jiya wata ce ta yi ta kuka tana roƙonsa, yana lissafa su da yatsu yana cewa ya daina ƙirga tun da ya wuce ashirin. Sauran ma kowa ya kawo nasa. A ɗakin nan matsayinka yana tafiya ne da yawan matan da ka ce ka yi harka da su, ba ruwan kowa da makinka ko halinka. Ni sunana ɗan mama, wani lokacin waliyyi. Akwai mutum ɗaya a cikinmu da tun makon farko ya ce musu shi bai taɓa yi ba kuma ba ya da niyya, ya juya wa bango fuska ya yi barcinsa. Sun tsokane shi kamar sati biyu, da suka ga ko a jikinsa sai suka ƙyale shi. Na ga wannan da idona amma ban ɗauki darasi ba, a raina cewa nake ai shi dogo ne, yana buga ƙwallo, bakinsa ba ya sarƙewa, yana da abin da zai tsaya a kai. Ni fa?

A kos ɗinmu akwai wata yarinya da ta fara aron littafin lakcata saboda rubutuna yana da kyau, daga nan muka fara karatu tare a laburare. Abin da ba zan manta da ita ba shi ne ita ce mutum ta farko a rayuwata da in na maƙale a magana take jira. Ba ta ƙarasa min, ba ta kallon gefe, sai ta ajiye bironta ta zuba min ido har kalmar ta fito, sannan ta amsa kamar ba abin da ya faru. Wanda bai taɓa in'ina ba ba zai san girman wannan ba. Babu komai tsakaninmu sai karatu da hira, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba.

Wani dare a samista ta biyu aka juyo kaina. Mai gadon sama ya leƙo da kansa ƙasa ya ce, kai ɗan mama, wannan da kuke maƙale da juna a laburare, karatun ne kawai ko har da darasin dare? Aka fashe da dariya. Da na ce a'a da shi ke nan an wuce wurin. Amma sai na yi wani murmushi a cikin duhu na ce, ku dai ku bari kawai. Ɗakin ya ɗauki ihu, wani ya kunna fitilar waya ya haske min fuska, a ba mu labari, a ba mu labari. Na ba su. Na ƙirƙiri wuri, na ƙirƙiri lokaci, na ɗebo guntayen labaran da na saba ji daga bakinsu na haɗa, kuma abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne ban yi in'ina ko sau ɗaya ba a wannan daren, maganar zuba take kamar an buɗe famfo. Mai gadon sama ya miƙo hannu muka tafa ya ce ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne. Gaskiya zan faɗa, ban taɓa barci mai daɗi a makarantar nan kamar na ranar ba.

Magana zarar bunu. Kafin sati biyu labarin ya fita daga ɗakinmu ya shiga gurup ɗin mazan dipatmen, an ƙara masa gishiri, har da abubuwan da ni ban faɗa ba. Ni sai gaisuwa nake samu daga mutanen da da ba su san da zamana ba, ana dafa min kafaɗa ana ce min shege mutumina. Ita kuma lambobin da ba ta sani ba suka fara kiranta da tsakar dare, ana turo mata maganganun banza, ƙawayenta biyu suka janye jiki, ta bar layin gaba inda ta saba zama ta koma can ƙarshen aji kusa da ƙofa. Laifi ɗaya aka ce mun yi tare, ni aka ba ni sarauta ita aka ba ta sunan banza, kuma a lokacin ko a raina ban ga rashin adalcin ba, ina can ina jin daɗin sabon matsayi.

Ranar da ta fi ci min rai ita ce ranar da ta same ni a laburare idonta ya kumbura ta ce min wani ne yake ɓata mata suna kuma har da ni aka haɗa, ta ce ka yi haƙuri an jawo ka cikin abin da ba ruwanka. Ita take ba ni haƙuri. Na zauna ina gyaɗa kai ina cewa Allah zai saka miki. Bayan kwana huɗu wani ya tura mata sikirinshot da ya nuna daga bakina labarin ya fito. Ta zo bakin aji ta miƙo min littafina da ke wurinta, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, me na yi maka? Na buɗe baki in'inar ta dawo gaba ɗaya, na tsaya ina ta kokawa da harafi ɗaya. A wannan karon ba ta jira ba.

Za ku ce daga nan na shiga taitayina ko? Ina. Wanda aka ɗora wa suna dole ya ciyar da sunan. A aji biyu na fara aikata abin da a baya ƙaryarsa kawai nake yi, kuma ba zan shiga bayani ba, ba shi ne amfanin rubutun ba. Abin da nake so a gane shi ne ko a lokacin da nake tare da mace rabin hankalina yana ɗaki, ina tsara yadda zan ba da labarin, wace kalma zan fara da ita, a ina za su yi dariya. In an gama sai in ji wani irin fanko a ƙirjina, in shiga banɗaki in daɗe a tsaye ina kallon tayil. Sha'awa tana nan, ni ba dutse ba ne, amma ba ita ke tuƙa motar ba. In mace ta amsa min sai in ji ni mutum ne na kwana biyu, in ta share ni sai in kwana ina jin kamar a jefar da ni a bola, daga nan sai neman wata don a goge wancan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko su ma matan abin da ke korarsu ke nan ba, sai daga baya na tuna wata da ta taɓa tambayata har sau uku a dare ɗaya wai da gaske tana da kyau? Karatu kuwa ya zube, na kwaso kariyoba biyu a shekarar.

Ko maganar kariya ban iya yi ba, kuma wannan ma daga raina kai ne. Ina tsoron in tsaya in ce a yi amfani da kwaroron roba a ga kamar ni sabon shiga ne, ko bakina ya sarƙe a kan kalmar a yi min dariya. Haka na yi ta jefa kaina. Wata safiya na tashi fitsari yana min zafi kamar ana zuba min wuta, na ɓoye kwana uku sannan na lallaɓa asibiti can nesa da makaranta don kar in haɗu da wanda ya san ni. Aka ce ciwon sanyi ne irin wanda ake ɗauka ta jima'i, aka yi min allura. Ma'aikaciyar jinyar, wata babbar mace mai gilashi a kan hanci, ta zaunar da ni ta ce ɗana, an yi maka gwajin HIV? Na ce a'a. Ta yi min bayanin cewa akwai maganin da ake ba mutum ya sha na kwana 28 in ana tsoron ya haɗu da ƙwayar cutar, amma dole a fara shi cikin awa 72, ni kuma na riga na wuce. Ta ce gwajin da za ta yi min yau ko ya nuna babu ba a gama ba, don irin wannan gwajin yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya gano cutar, sai na dawo. Ta ƙara da cewa mata da yawa suna ɗauke da ciwon sanyin ba tare da wata alama ba, don haka in je in faɗa wa wadda muka yi tare ta zo a duba ta. Na sunkuyar da kai, don ban ma san wacce ba ce a cikin biyu. Ta ce kar ka ɗauka kai kaɗai ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kullum sama da mutum miliyan 1 ne ke kamuwa da irin waɗannan cututtukan da ake warkewa, amma wannan ba dalili ba ne na ka zama ɗaya daga ciki sau biyu.

Wata ukun nan ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana. Ko tari na yi sai in ce shi ke nan. Kuma duk dare majalisa tana ci, ni ma ina dariya tare da su. Sakamako ya fito lafiya lau, na fito daga asibitin ƙafafuna suna rawa na zauna a bakin hanya na yi kuka kamar yaro.

A aji uku ne wata 'yar ajin ƙarshe da ke karantar ilimin halayyar ɗan Adam ta zo hostal ɗinmu da takardun tambayoyi na furojet ɗinta, kan yadda ɗalibai ke ganin ƙimar kansu da kuma ra'ayinsu game da jima'i. Ba a rubuta suna. Shafin farko jimloli 10 ne, ka zaɓi ko ka yarda sosai, ka yarda, ba ka yarda ba, ko sam ba ka yarda ba. Daga baya ta faɗa min ma'aunin wani masani ne Ba'amurke, Morris Rosenberg, da ya fitar a 1965 bayan ya gwada shi a kan 'yan sakandare sama da 5,000 a jihar Niyok, kuma har yau shi aka fi amfani da shi a duniya. Ina cikewa ina wasa har na iso kan wadda ke cewa wani lokacin ina jin ba ni da amfanin komai, da wata mai cewa ina ma a ce na fi haka mutunta kaina. Biron ya tsaya a hannuna. Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Makin yana tafiya daga 0 zuwa 30, ƙasa da 15 ana ɗauka mutum yana raina kansa. Na samu 11. Ni da ake dafa wa kafaɗa.

Da yake na iya kwamfuta sai ta roƙe ni in taya ta shigar da amsoshin, muka yi kwana da kwanaki a kai. A nan ne na yi abin da bai kamata ba, kuma na san bai kamata ba. Mai gadon sama yana da wani koren biro da ba ya rabuwa da shi, kuma yana rubuta lamba 7 da ƙaramin layi a tsakiya. Takardarsa na zuwa hannuna na gane ta. Ya kamata in shigar in wuce, amma na karanta. Wurin da aka tambaya ko ka taɓa jima'i, ya yi alama a kan a'a. Na sake dubawa, na duba shekaru, na duba dipatmen, shi ne. Makinsa na shafin farko bai ma kai nawa makin ba. Wato mutumin da na ɓata sunan yarinyar da ta fi kowa kyautata min don in burge shi, mutumin da na kusa ɗauko cutar da zan mutu da ita don in kamo shi, duk tatsuniya yake mana, labaran yayyensa ne da abin da yake gani a waya. Na yi dariya ni kaɗai a gaban kwamfuta har mai furojet ta ɗago ta ce lafiya?

Ban faɗa mata ta wane ne ba, na dai tambaye ta ko yana yiwuwa a ce kowa ƙarya yake yi. Ta ce abin yana da suna a karatunsu, yanayin da kowa a cikin taro yake ƙin abu a ransa amma yana zaton shi kaɗai ne, sai ya bi sahu, shi kuma bin sahun nasa ya ƙara tabbatar wa na kusa da shi cewa kowa yana so. Ta ce a 1993 wasu masana biyu, Prentice da Miller, sun nuna haka a jami'ar Princeton kan shan giya, ɗalibai kowa yana ganin sauran sun fi shi sakin jiki da shan. A 2003 kuma Lambert da abokan aikinsa suka samu irin wannan a kan kwanciya da wanda ba wata alaƙa tsakani, maza da mata duka suna zaton sauran ɗalibai sun fi su jin daɗin abin. A Amurka aka yi binciken amma wallahi kamar a ɗakinmu aka zauna aka rubuta.

Ni da na ji haka har na fara murna na samu amsa mai sauƙi, wato raina kai ne ke jefa mutum, in ka ɗaga ƙimarka ka tsira. Ta ce a'a, ba haka abin ya miƙe ba. Ta ce a 2003 ɗin dai Roy Baumeister da wasu suka tattara bincike masu yawa suka duba, suka ga yawan ganin ƙimar kai ba ya hana matasa fara jima'i da wuri, wani lokacin ma shi ke ba su ƙarfin halin gwada abubuwa. Nan take na tuna wani ɗan ɗakinmu, kyakkyawa ɗan gata da bai taɓa shakkar kansa ba, shi kam da gaske yake yi kuma bai damu ya ba da labari ba, bai kuma damu da wadda ya bari tana kuka ba. Sai ta kawo maganar wata masaniya Jennifer Crocker da ta ce a duba inda mutum ya rataye ƙimar tasa, wani a kan kyan jikinsa, wani a kan makinsa, wani a kan yabon mutane. Wannan ce ta shige ni. Tawa a bakin mutum biyar na rataye ta, a cikin ɗaki mai duhu, kuma ɗayansu da koren biro yake rubuta ƙarya. Shi kuwa wancan da ya juya wa bango fuska tun makon farko, ba tsawo ba ne ko ƙwallo, tasa ƙimar tana wani wuri da hannunsu ba ya kaiwa.

Ba zan ce muku na canza dare ɗaya ba. Na koma ga tsohon hali sau biyu bayan haka, duka biyun a makon da wani abu ya taɓa min zuciya, ɗaya lakcara ne ya kwaikwayi in'inata a gaban aji. Amma na fara gane alamar, in na ji wannan yunwar ta a yaba min sai in tambayi kaina wa nake so ya ji labarin. Na fara zuwa wurin mai ba ɗalibai shawara, abin da da nake ganin na mahaukata ne. Na fara ɗaga hannu a aji in yi tambaya da in'inar tawa, a yi dariya a gama, ban mutu ba. Na canza ɗaki.

A ajin ƙarshe na rubuta a gurup ɗin mazan dipatmen cewa labarin da na bayar a kan wance a ajin farko ƙarya ne daga farko har ƙarshe, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Na zata za a yi ta cece-kuce. Mutum uku suka turo alamar dariya, ɗaya ya ce malam ya tuba, wani ya turo jadawalin jarrabawa maganar ta bi ruwa. Ƙaryar cikin sati biyu ta zagaye dipatmen, gaskiyar ko ƙofar gurup ɗin ba ta fita ba. Mai gadon sama ya kira ni a waya a daren, muka yi shiru mu biyu, can ya ce kai ma ashe, sai ya kashe. Ban taɓa faɗa masa na ga takardarsa ba, in yana karanta wannan to yau ya ji.

Ita kuma na tura mata dogon saƙo, na faɗi komai ban kare kaina ba, na haɗa da hoton abin da na rubuta a gurup. Alamar an karanta ta fito a take. Babu amsa. Muka gama makaranta ba ta ƙara kallon inda nake ba, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan, shekara uku ta yi tana zama kusa da ƙofa saboda ni. Sai bayan shekara biyu da gamawa, wata ranar Talata ina wurin aiki, waya ta yi ƙara, na duba na ga sunanta a ƙarƙashin wancan tsohon saƙon nawa. Kalma biyu ce kawai, na gani. Na rubuta amsa na goge ya fi sau goma, ƙarshe na ce na gode, ita ma ta karanta ba ta ce komai ba.

Littafin da ta dawo min da shi yana nan a cikin akwatina. A shafi na 40 akwai inda ta gyara min wani lissafi da jan biro, ta rubuta a gefe da ƙananan haruffa, ka yi a hankali, kana da lokaci.